Sulalla da ƙananan kaya a wurin bincike na filin jirgi

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za ka yi da sulalla da makullai da agogo idan ka iso wurin bincike, don kada na'ura ta yi ta ƙara ko wani abu ya salwanta. Shawarata, ka gama shirinka tun kana cikin layi. Ka kwashe duk abin da ke aljihunka ka zuba a ƙaramin aljihun jakar hannu mai zif, ka ja ka rufe. Kada ka watsa su warwatse a cikin tiren da ake ɗora kaya su bi ta cikin na'urar bincike. Nan ne ake asara, domin idan tire ya fito mutum na sauri, na baya na matsa masa, sai ya ɗauki waya ya bar sauran. A Amurka, hukumar TSA mai binciken matafiya a filayen jirgi ta tattara sama da dala 900,000 na kuɗin da matafiya suka manta a 2019 kaɗai.

Ƙofar nan da ake ratsawa ƙarfe take ganowa, shi ya sa kan bel da sulalla ke tayar da ita. Wasu filayen kuma suna da na'urar da ke duba jiki gaba ɗaya, wannan ko takarda ka bari a aljihu sai an tsayar da kai an lalube ka.

Fasfo da katin shiga jirgi su zauna a hannunka sai jami'i ya ce ka ajiye. Kwamfuta yawanci a tirenta daban. Ni kam ba na barin wurin sai na ɗaga tire na ga ba komai a ciki.