Ɗaliban koyon aiki na zaman banza a shagona, ina mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon walda a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, muna yin ƙyamare da tagogi da tankunan ruwa. Bara wata makaranta ta turo mini ɗalibai biyar na koyon aiki. Wata huɗu suka yi suna zaune a benci suna danna waya, ranar ƙarshe suka miƙo littafi na sa hannu. Ni kuma ƙwararrun yara nake nema ruwa a jallo. Ya zan yi a wannan karon? Daga mai walda, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya kawo maka yaran shi ne shirin SIWES, wanda ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta gwamnatin tarayya, ta kafa a 1973 domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya gama karatu. Ɗan kwalejin kimiyya da fasaha yakan yi wata huɗu bayan shekarar farko ta difiloma, ɗan jami'a kuma yawanci wata shida. Matsalar ita ce an turo su babu wanda ya zauna ya tsara abin da za su koya.

Kada ka jira takarda ta same ka a shago. Kowace irin wannan makaranta, kamar Kwalejin Hassan Usman Katsina ko ta Tarayya da ke Daura, tana da ofishin SIWES. Je ka da ƙafarka, ka faɗa wa jami'in injin walda nawa gare ka, ka roƙi masu karanta fannin ƙere-ƙere, ka kuma karɓi lambar malamin da zai riƙa zuwa duba su. A ganinmu ɗalibi biyu ga inji ɗaya shi ne iyaka. In sun fi haka, sauran 'yan kallo ne.

Sannan ku rubuta tsarin makonni 16 a takarda guda, kai da malamin ku sa hannu. Makonni biyun farko na kariya ne da awo: karanta tef, fitar da kusurwa, yi wa ƙarfe alama. Wannan wurin ake rainawa, alhali a nan ake asarar kuɗi, domin firam ɗin ƙofa in kusurwarsa ta kauce ba ya zama a bango. Nuna musu su auna daga lungu zuwa lungu ta ɓangarori biyu. In awon ya zo ɗaya, firam ya daidaita. Makonni huɗu na gaba yanka da gurza. Daga mako na 7 su fara walda a kan guntayen ƙarfe. Sandar walda mai kaurin milimita 2.5 takan so wuta tsakanin amfiya (ma'aunin ƙarfin wuta) 70 zuwa 100. In wutar ta yi yawa sai ta huda bututu mara kauri, in ta yi kaɗan sandar ta riƙa mannewa, ɗinkin ya tsaya a sama bai ratsa ba. Bari su sa guduma su karya abin da suka haɗa, su ga cikinsa da idonsu. Sai wajen mako na 13 za su taɓa kayan kwastoma, su ma da ɗigon riƙe ƙarfe za su fara.

Maganar ido ba wasa ba ce. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda. A ba su garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11, da safar hannu ta fata. Wanda hasken ya kama, cikin dare zai ji kamar an zuba masa yashi a ido, kuma da wuya ka gan shi washegari.

Ɗora kowane ɗalibi a hannun babban yaronka guda ɗaya, wanda za ka tambaya in an sami matsala. Littafin aikin kuwa duk ƙarshen mako ake sa masa hannu, bayan ka karanta ka tabbatar abin da aka rubuta an yi shi. Ba su kuɗin mota da na abincin rana yana hana fashin zuwa aiki. Wanda ka ga hannunsa ya faɗa, yi masa magana tun kafin ya tafi: masu difiloma sukan yi shekara guda ta aikin masana'anta kafin su koma babbar difiloma, sai ka nemi ya yi ta a wurinka.