Asfirin kullum ga tsoho mai hawan jini: a ci gaba ko a daina?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina yana da shekara 72, yana fama da hawan jini, kuma kusan shekara goma ke nan yana shan asfirin mai miligiram 75 kowace safiya, wai don kada jininsa ya yi kauri. Bai taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Kwanan nan na ji ana cewa sabon bincike ya nuna asfirin ba ya amfanar tsofaffi, har ma cutar da su yake yi. Gaskiya ne? In ce masa ya daina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri.

Abin da kika ji gaskiya ne, amma ba kowane tsoho ya shafa ba. Maganar duk ta rataya ne a kan abu ɗaya da kika riga kika faɗa da kanki: bai taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. In haka ne tabbas, to Baba yana cikin waɗanda likitoci suka sauya ra'ayi a kansu. Sai dai kada ki ce masa ya daina yau. Ku je wurin likitansa tukuna, kuma zan faɗa miki abin da za ku tambaya.

Mutane na kiran asfirin maganin tsinka jini, alhali ba ya tsinka komai, kaurin jini yana nan yadda yake. A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, filatilet, waɗanda aikinsu shi ne su manne da juna su toshe duk inda jijiya ta ɓule. Asfirin yana kashe wani sinadari a cikinsu mai suna COX-1, wanda sai da shi suke iya kiran 'yan uwansu su haɗu su yi guda. Ƙwayar da asfirin ya taɓa ba ta farfaɗowa har ta mutu, kuma rayuwarta kwana 7 zuwa 10 ce. Shi ya sa ɗan miligiram 75 ya isa, shi ya sa kuma tasirinsa ke daɗewa kusan mako bayan an daina sha.

Daga wannan aiki guda riba da asara suke fitowa. Gudan jinin da zai toshe jijiyar zuciya ba ya samun haɗuwa da sauƙi, wannan ita ce ribar. Amma gudan da zai tsayar da zubar jini a ciki ko a ƙwaƙwalwa shi ma ba ya haɗuwa. Ga shi kuma wannan COX-1 ɗin shi ne ke taimaka wa tumbi ya yi majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Don haka asfirin na iya haddasa gyambon ciki, ya kuma hana jinin gyambon tsayawa.

Ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki irin ta toshewar jijiya, ko aka sa masa ƙaramin bututu a jijiyar zuciya, ko aka yi masa tiyatar sauya wa jini hanya, babu wata gardama. Wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje da yawa a 2009 ya nuna cewa a irin waɗannan mutane asfirin ya rage aukuwar mummunan ciwon jijiyar jini, wato bugun zuciya, shanyewar jiki ko mutuwa ta dalilinsu, daga kashi 8.2 cikin ɗari a shekara zuwa 6.7. A wajen waɗanda ba su taɓa samun komai ba kuwa, daga 0.57 ya dawo 0.51 ne kawai. Dubi tazarar. Wanda ya ji labarin nan ya ajiye asfirin alhali yana da bututu a zuciya, da ransa yake wasa.

To ina aka samo al'adar bai wa masu lafiya? Tushenta wani gwaji ne da aka yi wa likitoci maza 22,071 a Amurka, aka fitar da cikakken sakamakonsa a 1989. Suna shan miligiram 325 yau, gobe a tsallake, sai bugun zuciya ya ragu da kashi 44 cikin ɗari. Daga nan aka ɗauke shi a matsayin rigakafi ga duk wanda shekarunsa suka fara ja. Amma zamanin ya wuce. Lokacin shan sigari ya fi yawa, magungunan rage kitsen jini na sitatin ba su daɗe da fitowa ba, hawan jini ma ba a riƙe shi kamar yanzu. Da waɗannan suka gyaru, haɗarin da ya rage wa asfirin ya kare ya yi ƙasa, haɗarin zubar jini kuwa yana nan inda yake.

A 2018 aka fitar da manyan gwaje-gwaje uku da suka juya lamarin. Wanda ya fi dacewa da Baba shi ne ASPREE, da aka yi a Ostareliya da Amurka da tsofaffi 19,114, yawancinsu 'yan shekara 70 zuwa sama, waɗanda ba su da tarihin ciwon zuciya. Rabi an ba su asfirin miligiram 100 kullum, rabi ƙwaya mai kama da shi wadda ba magani a cikinta, aka bi su kusan shekara biyar. Masu shan asfirin ba su fi sauran tsawon rai cikin ƙoshin lafiya ba, kuma ciwon zuciya da shanyewar jiki ba su ragu ba ta yadda za a ce aikin asfirin ne. Abin da ya fito ƙarara shi ne zubar jini mai tsanani: mutum 8.6 cikin dubu a kowace shekara ga masu shan asfirin, su kuwa ɗaya ɓangaren 6.2. Wani abin da ba a zata ba, mace-mace sun ɗan fi yawa a ɓangaren asfirin, akasari ta ciwon daji. Masu binciken da kansu sun ce a yi taka-tsantsan da wannan, domin ya saɓa wa gwaje-gwajen baya. Daga bisani, a 2023, an sake duba bayanan mutanen aka ga ƙarancin jini ya fi yawa da kusan kashi 20 cikin ɗari ga masu shan asfirin. Wannan ya cancanci kula, domin jini ne ke tsiyaya kaɗan-kaɗan a hanji ba a gani, sai dai tsoho ya riƙa kukan kasala da haki a ce tsufa ne.

Na biyu, ASCEND, a Birtaniya aka yi shi da masu ciwon suga 15,480. Nan an ga amfani: cikin shekara bakwai da 'yan watanni, ciwon jijiya ya samu kashi 8.5 na masu shan asfirin, 9.6 na marasa sha. Amma zubar jini mai tsanani ya samu 4.1 da 3.2. Wato cikin mutum dubu an tsirar da kamar 11, an jawo wa kamar 9 zubar jini. Kwalliya da ƙyar ta biya kuɗin sabulu. Na ukun, ARRIVE, bai ga wani amfani ba, zubar jini a tumbi da hanji kuma ta ninka.

Bisa wannan ne kwamitin ƙwararru mai ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya ce, a Afrilun 2022, kada a fara bai wa ɗan shekara 60 zuwa sama asfirin don rigakafi kawai. 'Yan 40 zuwa 59 waɗanda lissafi ya nuna haɗarin ciwon zuciya ko shanyewar jiki a kansu ya kai kashi 10 cikin ɗari a shekara goma, su yanke shawara da likitansu. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na ƙasar tun 2019 suka ce kada a riƙa bai wa wanda ya haura 70 haka kawai.

Ki lura da kalmar "fara". Baba ba farawa zai yi ba, ya shekara goma yana sha, kuma nan ne muhawara ba ta ƙare ba. Wani nazari a Suwidin, 2017, ya bi mutum sama da 600,000 masu shan asfirin, ya ga waɗanda suka daina sun fi samun ciwon zuciya ko shanyewar jiki da kashi 37 cikin ɗari. Sai dai ba gwaji ba ne, bibiya ce kawai, kuma akwai masu tsohon ciwon zuciya da yawa a cikinsu. Shi kwamitin Amurka cewa ya yi wanda ya riga ya fara, ana iya duba dainawa wajen shekara 75. A ganina, mai shekara 72 da hawan jini ne kaɗai matsalarsa, dainawa ta fi kusa da daidai, kuma yawancin likitoci a yau ba za su rubuta masa shi ba da yanzu ya zo.

Kafin ku shiga wurin likita, ki binciko dalilin da ya sa aka rubuta masa tun farko. Tsofaffi kan manta, ko su raina abin da ya faru. Ki tambaye shi: ya taɓa samun ranar da bakinsa ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe na 'yan mintoci sannan ya dawo daidai? Ƙirjinsa na ɗaurewa in ya yi tafiya ko ya hau bene? Sharaɓarsa na ciwo in ya yi tafiya, ta lafa in ya tsaya? Ko ɗaya daga cikin waɗannan na iya nufin jijiyoyinsa sun riga sun taɓu, lissafin kuma ya canza gaba ɗaya.

Sai ku kwashe duk magungunan da yake sha a kai wa likitan ya gani, har da waɗanda yake saya da kansa. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su ibuprofen da diclofenac, in aka haɗa su da asfirin, haɗarin gyambo da zubar jini na ƙaruwa sosai, ibuprofen kuma har tare wa asfirin hanya yake yi in aka sha shi kafinsa. Haka warfarin, clopidogrel, prednisolone da wasu magungunan ciwon damuwa. A faɗa masa in Baba ya taɓa yin gyambon ciki, ko yana da ciwon ƙoda ko hanta. A nemi awon yawan jini. A kuma duba hawan jinin da kyau, domin jinin da ya hau ba a riƙe shi ba, in ya haɗu da asfirin, ƙwaƙwalwa ce ke cikin haɗari. Riƙe hawan jini, da shan sitatin in likita ya ga ya dace, da barin sigari in yana sha, su ne za su kare shi fiye da wannan ƙwaya.

In likita ya ce a daina, ba a buƙatar ragewa a hankali, ajiyewa kawai ake yi. In kuma ya ce a ci gaba, ƙaramin awo ya isa. Gwajin ADAPTABLE na 2021, da masu ciwon zuciya 15,076, bai ga bambanci tsakanin miligiram 81 da 325 ba. Kada kuma a ruɗu da asfirin mai rufi wanda ake cewa ba ya taɓa ciki. Ta cikin jini yake yin ɓarnarsa, kuma mai rufin ne ma aka yi amfani da shi a ASPREE. Abin da ke kare tumbi shi ne magani irin omeprazole, wanda likita kan haɗa wa tsoho ko mai tarihin gyambo.

Muddin yana sha, ku sa ido kan bayan gida baƙi mai yauƙi kamar kwalta, aman jini ko amai baƙi-baƙi, haɓon da ya ƙi tsayawa, jiri, da ɗashewar tafin hannu ko cikin ido. In ya faɗi ya bugu a kai, ko da ya tashi garau, a kai shi asibiti, domin jini kan taru a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai, alamun su bayyana bayan kwanaki. In kuma wata rana kuka ga alamar shanyewar ɓarin jiki, kada a ba shi asfirin a gida da sunan taimako. Wata shanyewar toshewa ce, wata fashewar jijiya ce, kuma ba a bambance su sai da hoton ƙwaƙwalwa.