Kafin Ka Kai Injinka Baje Koli

Malam, ka ce ka ƙera injin casar masara a shagonka na Samaru, kana so ka sa bidiyonsa a Facebook, amma kana tsoron maƙera su kwaikwaya.

Ka dakata da bidiyon tukuna. Dokar haƙƙin ƙirƙira ta 1970 tana kare sabon abu ne kawai. Da zarar jama'a sun ga yadda cikin injin yake, dokar ba ta ɗaukarsa sabo. Rangwamen wata shida da ke cikinta, wanda ke ba mutum damar neman rajista bayan ya nuna abinsa, na baje kolin ƙasa da ƙasa ne wanda hukuma ta amince da shi, bai shafi kasuwar Sabon Gari ba. Kuma wanda ya riga shigar da takardar neman rajistar ƙirƙirar shi ke da haƙƙi, ko da kai ka fara ƙerawa.

Ka rubuta bayanin injin dalla-dalla, da zane, ka fayyace ainihin abin da ka sabunta, misali tsarin haƙoran ganga ko rariyar. Hukumar NOTAP, ta gwamnatin tarayya mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takardu a ofishin rajista na Abuja. Kariyar shekara 20 ce, amma kowace shekara akwai kuɗin sabuntawa; in ka bari, ta faɗi.

Abin da ke damunmu shi ne ofishin cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya tantance ko injin sabon abu ne, don haka wani na iya ƙalubalantarka a Babbar Kotun Tarayya.

In kuma ma'aikaci ne kai, a bakin aiki ka ƙera shi, haƙƙin na wanda ya ɗauke ka aiki ne. Duba takardar ɗaukarka tun yau.