Amsa ga yarona kan rage wahalar kafa rumfar karaban

Yarona, jiya bayan mun rufe shago ka tambaye ni game da dattijon nan da ya ce kafaɗarsa ta daina ɗaukar aikin kafa rumfar da ake jingina wa karaban, wato ɗakin nan mai taya da mutanen Ingila ke ja da mota idan za su tafi hutu. Ka ce me zai hana mu sayar masa da rumfa mai iska kawai, wato wadda ake hura wa iska ta tsaya, tunda ita ba ta da sandunan ƙarfe. Na ga ya fi kyau in ba ka amsa a rubuce, domin tambaya ce da za ka yi ta cin karo da ita muddin kana wannan sana'a a ƙasar nan, inda da yawa daga cikin masu karaban mutane ne da suka manyanta.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, mafi yawan wahalar tana wuri guda, wato wajen zura bakin tamfol a cikin siririn kwarmin alminiyam da ya zagaye gefen karaban. A bakin tamfol ɗin an ɗinke wata igiya mai kaurin milimita 6, ita ce ke tafiya cikin kwarmin, kuma mutum yakan ja ta ne hannunsa na sama da kansa, wanda shi ne yanayin da kafaɗa ta fi rauni. Rumfa mai iska, irin wadda kamfanin Vango na Sikotilan da Kampa suka yaɗa, ta raba mutum da sanduna, amma bututun iskarta suna ɗinke a jikinta, saboda haka dole ne a ja mafi yawan nauyinta a lokaci guda, kuma babba daga cikinsu takan haura kilo 20. Ita kuwa mai sanduna, irin ta kamfanin Isabella na Danmak wanda ke wannan aiki tun 1957, ko da jimillar nauyinta ta fi yawa, a rarrabe take zuwa: rufi daban, bangaye daban, sanduna daban. Idan ka sayar wa mai ciwon kafaɗa babbar rumfa mai iska ba tare da ka faɗa masa wannan ba, ka ƙara masa kaya ne a daidai inda yake kuka.

Kafin ka yi wa kowa maganar sabon kaya, ka hau ɗan tsani ka duba kwarmin da idonka. Ka ɗauki tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu ka bi shi tun daga farko har ƙarshe, za ka ga abin da ke fitowa: gansakuka, yashi, yanar gizo-gizo, wani lokaci har da gutsuren tsohuwar igiya. Sannan ka bi da yatsa a hankali, ka nemi inda alminiyam ya lotse ya matse hanya, musamman a kan kwana da bakin mashiga, ka buɗe shi kaɗan, ka goge kaifin da ka samu. Bayan ya bushe ka fesa silikon, wato feshin da ke sa kwarmin santsi. Kada ka kuskura ka sa man inji ko na girki, domin suna ɓata tamfol kuma suna tara ƙura. Shekarun baya na taɓa ƙin yin wannan saboda gaggawa, na ja da ƙarfin tsiya a kan wani lotsi da bai kai faɗin farce ba, igiyar ta yage daga ɗinkinta, ni kuma na yi mako biyu ba na iya ɗaga hannun dama.

Tsarin aikin shi ma yana rage wahala ƙwarai. A daidaita karaban tukuna, a shimfiɗa leda a ƙasa, a zuge zif a cire duk bangayen da ke ciruwa, ta yadda rufin kaɗai zai bi kwarmin. Mutum ɗaya ya tsaya a bakin mashiga yana saita igiyar tana shiga a miƙe, ɗayan yana ja a hankali, kuma idan ta cije a koma baya kaɗan maimakon a ƙara ƙarfi. Akwai sanda mai ƙugiya da ake maƙalawa a kan tamfol a riƙa ja daga ƙasa, wadda ke raba dattijo da hawa tsani gaba ɗaya. Ka kuma duba ko kwarmin yana da mashiga ta biyu a sama, domin idan ƙaramar rumfa ce babu dalilin zagayawa da ita ta kan kwana.

Sauran gajiyar ta famfon hura iska ce da ta turaku. Famfon lantarki mai aiki da wutar batirin mota mai ƙarfin volt 12 yana tsayawa da kansa idan ya kai awon da aka saita masa, galibi tsakanin 7 da 9 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira psi, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Turaku kuwa, a filayen da aka zuba tsakuwa, guduma ce ke karya bayan mutum, saboda haka ka ba shi masu zare irin na noti waɗanda ake murɗawa da injin huda mai batir, a cire su da shi kuma. Ka tuna masa ya rufe duk zif kafin ya kafa turaku, in ba haka ba zai sake aikin sau biyu. Idan sandunansa na ƙarfe ne, ana iya musanya su da na alminiyam ko na zaren kabon ba tare da an taɓa tamfol ɗin ba.

Akwai kuma mutanen da shawarar gaskiya gare su ita ce su bar cikakkiyar rumfa. Wanda kwana biyu ko uku yake yi a wuri, ƙaramar rumfar bakin ƙofa ta wadatar da shi, ko kuma irin ta Fiamma ko Thule da ke zama a jikin karaban ana warware ta kamar tabarma, sai dai ka gargaɗe shi ya naɗe ta idan iska ta taso.

Ka kira dattijon ya zo ranar Asabar da karaban ɗinsa da uwargidansa. Za mu wanke kwarmin, mu bar su su kafa rumfarsu da kansu a filin bayan shago muna kallo, kai kuma ka lura da daidai inda ya tsaya ya dafe kafaɗa, domin daga nan za mu san abin da ya kamata mu canza masa.