Rumfar Mota Na Yoyo: Amsoshin Wasiƙunku Na Wannan Mako

Tun da ruwan Mayu da Yuni ya kankama a Accra, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka karkata kan ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu da rumfar yadi, waɗanda ake naɗe samansu a bar su a buɗe. Da can ba a cika ganinsu a zangunanmu ba, yanzu kuwa 'yan'uwa da ke Amurka da Jamus suna auno su ta tashar Tema. Ga waɗanda na zaɓo.

Daga wani matashi a Nima: Ina da tsohuwar Mazda MX-5. Duk sanda aka yi ruwa sai in tarar kafet ɗin bayan kujeru ya jiƙe sharkaf. Fita, wato makanike, ya ce rumfar ta mutu, in kawo kuɗin sabuwa. In saya?

Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Shi fitan ya zuba ruwa ya ga inda yake shiga, ko da ido kawai ya yanke hukunci? Wannan mota tun fitowarta a 1989 haka aka ƙera ta: ruwan da ya gangaro ta bayan rumfa yana sauka cikin wata kwata da ke ɓoye a ƙarƙashin bakin yadin, kamar indararon soro, daga nan ya bi ramuka biyu, ɗaya a kowane gefe bayan kujeru, ya fita ta ƙasan mota gaban tayoyin baya. Ƙurar hunturu ta Disamba da Janairu tana taruwa a ramukan nan, ga busasshen ganyen darbejiya da furen mangwaro in kana ajiye mota a gindin bishiya. Ruwan farko na sauka sai su zama taɓo su toshe hanya, kwata ta cika ta tumbatsa, sauran ya malalo cikin mota alhali yadin lafiyarsa lau.

Gwajin bai wuce kuɗin fiya wata leda ɗaya ba. Nemo ramin, ka tsiyaya ruwan a hankali, ka leƙa ƙarƙashi. In ya zubo nan take, hanya a buɗe take. In ya tsaya, to ga cutar. Ka zura siririn burushi mai lanƙwasuwa ko igiyar roba ta injin yankan ciyawa, ka yi ta sosawa kana bi da ruwa har ya fito garau. Kada ka zura wayar ƙarfe, tana huda bututun, kuma kada ka bari mai faci ya hura masa iska da ƙarfi, bututun yana iya saɓulewa a can ciki inda hannu ba ya kaiwa.

In ramukan a buɗe suke amma yoyon bai daina ba, ka shiga ciki da tocila ka rufe ko'ina, wani ya riƙa zuba ruwa da tiyo ba tare da matse bakinsa ba. Ya fara daga ƙasa, gindin ƙofa, ya jira, sannan gilashin gefe, sannan inda rumfa ta haɗu da gilashin gaba, saman ne ƙarshe. Wanda ya fara daga sama ya jiƙa komai lokaci guda, ba zai gane komai ba. Robobin bakin ƙofa kuwa, ka sa takarda ka rufe a kanta ka ja: inda ta zare ba gardama, nan robar ta saki, ko kuma maƙallan gaba ne ke son a ɗan ɗaure su. Sannan ka ɗaga kafet ɗin ka shanya. Soson da ke ƙarƙashinsa yana riƙe ruwa makonni, ga iskar teku mai gishiri, tsatsa ba za ta jira ka ba.

Daga wani ɗan'uwa a Aboabo, Kumasi: Na sayi wani feshi da aka ce yana toshe kowane yoyo, na kuma bi ɗinkin rumfar da farin gam ɗin nan na silikon. Feshin warin kalanzir yake yi, ya bar tabo, yoyon kuma ya ƙaru. Wane iri zan saya yanzu?

Babu wanda za ka saya yanzu, malam. Ka ba ni dama in yi magana, domin wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. Mutum ya iya haɗa kuɗin mota, ya biya jirgi, ya biya kwastan, amma ranar da ta nemi gyara sai ya miƙa ta ga gwangwanin da wani ya ɗago masa ta taga a cunkoson titi. Daga baya ya kashe ninkin abin da yake gudu.

Ka san abin da kake fesawa a kai? Yadin rumfa mai kyau hawa uku ne: zare a waje, roba a tsakiya, wani yadin a ciki. Robar tsakiyar ita ke tare ruwa. Feshi na gaskiya aikinsa kawai ya sa ruwa ya riƙa zamewa daga zaren waje don kada ya sha ya yi fumfuna. Ba ya ɗinke yagewa, ba ya mayar da zaren ɗinkin da rana ta cinye. Duk wanda ya ce maka gwangwani zai toshe rami, kuɗinka yake so. Kalanzir ɗin da ka ji warinsa kuwa, shi da dizal da man injin da basilin duk abokan gabar roba ne, suna kumbura ta su lalata ta. Ina jin takaici in na ga yaran wurin wanke mota suna shafa baƙin mai a robobin ƙofa wai don su yi ƙyalli. Man da ake shafa musu daban ne, maiƙon silikon na roba, kuma ɗan kaɗan ya isa.

Shi kuma gam ɗin da ka bi ɗinki da shi, na banɗaki ne da akwatin kifi. Warin tsamin da yake yi lokacin bushewa asid ne, yana tayar da tsatsa in ya taɓa ƙarfe. Ba ya kama yadin da ake naɗewa ana warewa, sai ya ɗago ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa. Mafi muni, inda ya taɓa wani gam ba ya ƙara kamawa da kyau, ka ga ka ɓata wa mai gyaran gaskiya aiki tun kafin ka je wurinsa. Sufagulu ma haka, yana sandarar da yadi ya karye a wurin.

Akwai kayan kirki a duniya, irin su Renovo da Raggtopp da 303, amma suna a jikin gwangwani ba shaida ba ce. Kowa ya san yadda dala take da sidi. In farashin da aka yi maka bai kai abin da ake sayar da shi a can ƙasar da aka yi shi ba, tun kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastan, to me kake tsammanin yana ciki? Dubi rubutun ko ya dushe, dubi lambar da kamfani ke bugawa a gindin gwangwani, dubi murfin ko an taɓa ɓalle shi. Ka tambayi mai shago na yadi ne ko na leda, domin rumfa iri biyu ce kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan. In ya ce duk ɗaya ne, ka yi masa sallama. Akwai 'yan kasuwa masu amana a Magazin na Suame da Abossey Okai, kuma alamarsu ita ce suna da shago tsayayye, suna ba da rasit, suna kuma iya ce maka ba su da abu.

Yanzu abin yi: kai motar wurin mai ɗinkin kujerun mota da ya taɓa aikin irin wannan rumfa, ka nemi ya nuna maka aikin da ya yi a baya. Ya kankare gam ɗin, ya sake ɗinki da zaren da ke jure rana, ya yi faci daga ciki. Ruwan Kumasi ya kusa ninka na Accra, kada ka ja lokaci.

Daga wata Hajiya a Madina: Ɗana ya bar mini BMW Z4 ajiya ya koma aiki waje. Rumfar ta daina motsi, ina jin ƙarar ruwa a bayan kujera. Na kasa barci, ina tsoron na ɓata masa dukiya.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba laifinki ba ne ko kaɗan. Z4 ta shekarun 2003 zuwa 2008 an san ta da wannan ciwo har a ƙasashen da aka fi kula da mota. Injin da ke ɗaga rumfar yana zaune a wani lungu can ƙasa ta gefen hagu, magudanar wurin na toshewa sai ya nutse cikin ruwa. Ki daina danna maɓallin. Ki sa motar a ƙarƙashin rufi, ki sanar da ɗanki yau, ki gaya masa yadda na faɗa. Akwai hanyar sakin rumfar da hannu, littafin motar ya yi bayaninta, sai a rufe ta kafin a samu mai gyara. Wani lokaci in an busar da injin an wanke yana tashi. Masu irin motar da yawa suna sa a mayar da shi cikin but don kada abin ya maimaitu, ki ce wa ɗanki ya yi shawara da fita a kan haka. Allah ya saka miki da riƙon amana.

Masu Porsche Boxster ta farko su ma su ji: na'urar da ke ba motar izinin tashi tana ƙarƙashin kujerar hagu, ruwa na taruwa a wurin mota ta ƙi tashi.

Daga Ashaiman: Zan iya shafa wa rumfar fentin mai ko kwalta in huta?

A'a. Abin da ake naɗewa za ka shafa wa kwalta? Naɗi ɗaya zai tsattsage, ka rasa rumfar gaba ɗaya. Kada ka sake kawo wannan tunani.

Daga Sabon Zango: Wanki fa?

Ruwan bokiti, burushi mai laushi, sabulu marar kaifi. Ban da omo, ban da bilic, ban da injin feshin nan mai ƙarfi na wurin wanke mota, wanda ke ɓalle ɗinki ya tura ruwa bayan roba. Kada ka naɗe rumfa tana jiƙe. In tagar bayanta ta leda ce, kada ka goge ƙura a bushe, kana karce ta ne.

Daga wani ango mai jiran gado a Fadama: An nuna mini hoton Mustang mai rumfa a gwanjon Amurka, araha ƙwarai. Ina so ta iso kafin biki.

Allah ya sanya alheri, amma ka bi a hankali. Bayan kowace babbar guguwa, irin Harvey a Houston a 2017 ko Ian a Florida a 2022, motocin da ambaliya ta shanye suna cika wuraren gwanjo, kuma a hoto tas suke. Ka karɓi lambar jikin motar mai harafi da lamba 17, ka biya a bincika maka tarihinta a intanet kafin ka tura ko pesewa ɗaya. In takardarta ta nuna ruwa ya taɓa cinye ta, ka bar ta komai arha, domin wayoyinta za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ka tuna motar da ta haura shekara 10 tana da tara a kwastan. Ka kuma tambayi kanka inda za ta kwana. In a bakin titi ne, rana za ta gasa yadin, reza ɗaya kuma ta isa ɓarawo ya shiga. In ba ka da gareji ko rumfar kwano a gida, ka yi hayar irinta ranar ɗaurin aure, sauran kuɗin ka biya hayar ɗaki da su.