Amsa: Taswirar donjon ta isa a yi wasa da ita yadda ta fito?

Malam, ka ce lokaci ya ƙure maka kafin wasanku na Asabar na Dungeons and Dragons (wasan kasada da ake yi a teburi), kana tambaya ko za ka ɗauko kurkukun ƙarƙashin ƙasa da shafin donjon (shafin intanet mai ƙirƙiro taswirar wasa da kansa) ya haɗa maka ka kai teburi haka nan. Taswirar kam ɗauke ta, ba ta da laifi. Amma abin da ke cikin ɗakunan, kai za ka zuba da hannunka. In zanen da zai yi kyau a takarda kake so, leƙa One Page Dungeon na Watabou, wani shafin mai ƙirƙiro taswira. In kuma gyara za ka yi, sake zana ta a Dungeon Scrawl, shafin zana taswira.

Dalilina na cewa ka zuba da hannunka, injin donjon bai san maƙwabtaka ba. Na taɓa buga wata mai ɗaki 30 na kai wa 'yan wasana, sai ga 'yan fashi a ɗaki na 7, ƙofa ɗaya tsakaninsu da dodon da zai lamushe su kafin gari ya waye. Aka tambaye ni yadda suke zaman lafiya, na yi tsuru-tsuru. Tun daga nan na koma wa tsarin Basic D&D na 1981 (tsohon littafin dokokin Dungeons and Dragons): kowane ɗaki ka jefa ɗan ludo mai fuska shida, 1 ko 2 dodo, 3 tarko, 4 wani abin mamaki, 5 ko 6 wayam. Kada ka raina ɗakunan wayam ɗin nan, a cikinsu 'yan wasa ke ɓuya su yi shawara, tocilansu na cinyewa.