Zaren da Ake Kaɗawa da Lantarki: Ina Haɗarinsa ga Muhalli?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karanta kimiyyar sinadarai. Na ji ana kaɗa zaren nano da wutar lantarki, kuma wai an ɓullo da hanyar da ba ta cutar da muhalli. Mene ne aibin tsohuwar hanyar?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ana narka polima, wato sinadari mai dogayen sarƙoƙin ƙwayoyi irin na roba, a cikin wani ruwan narkarwa a zuba cikin sirinji, sannan a haɗa bakin allurar da wuta mai ƙarfin bolt 10,000 zuwa 30,000. Ɗigon da ke bakin allurar sai ya miƙe ya yi tsini, siffar da masanin kimiyya Geoffrey Taylor ya bayyana a 1964, daga tsinin kuma siririn ruwa ya fito yana wutsil-wutsil a iska har ya bushe, ya sauka kan farantin ƙarfe kamar saƙar gizo. Kaurin zaren sau da yawa bai kai nanomita 500 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), alhali silin gashin mutum ya kai kimanin 80,000. Dabarar tsohuwa ce, domin Anton Formhals ya yi mata rajista tun 1934.

Aibin yana cikin ruwan narkarwar. Polima kan kasance kusan kashi 10 cikin 100 na haɗin, saura kuwa tururi yake zama ya bi iska, kuma abin da aka saba amfani da shi, irin su kulorofom da DMF (sinadarin dimethylformamide), guba ne. DMF na lalata hanta, har Tarayyar Turai ta tsaurara dokar aiki da shi daga Disamban 2023. Ragowarsa kuma kan maƙale a cikin zaren, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan za a ɗora shi kan buɗaɗɗen rauni.

Sabuwar hanyar tana narkarwa da ruwa, ko etanol, ko asid ɗin ruwan khal, tana kuma zaɓen polima irin su PVA (wata roba mai narkewa a ruwa), jelatin, furotin ɗin masara, da kitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Wasu da zafi kawai suke narka polimar, sai dai zarensu ya fi kauri. Da irin waɗannan ake yin matatar iska da ta ruwa, bandejin da ke sakin magani a hankali, da shimfiɗar da ƙwayoyin halitta ke girma a kai.

Amma ki sa ido a wuri guda, domin nan ne gizo ke saƙa. Zaren da aka kaɗa da ruwa, ruwa ne ke narka shi. Ki ɗiga ɗigo ɗaya a kan shimfiɗar PVA, nan take za ki ga ta ɓule. Dole a ɗaure sarƙoƙin polimar da juna, kuma da yawa sukan koma ga sinadarin gulutaraldehaid don yin wannan ɗaurin, wanda shi ma guba ne. A ganina, wanda ya yi haka ya kori guba ta ƙofa ne ya shigo da ita ta taga. Asid ɗin da ke cikin lemun tsami, idan aka haɗa shi da gashi a tanda, yana yin wannan ɗaurin, ko da yake zafin na iya lalata maganin da aka cusa a zaren.